Gwaibar Da Ta Hana Tashi

Tun sha biyun rana 'yar kawuna Yuleidis ta karɓi makullan gidan da ta saya a Quibdó, amma har ƙarfe huɗu masu gidan ba su gama kwashewa ba, motar kayansu na tsaye a waje. Ta faɗa ciki tana huci kamar za ta haɗiye ƙofar, sai ta yi turus.

Eliécer ne tsaye a tsakar gida da adda a hannu, mutumin da ta ƙi aurensa bara. Ta san sarai gidan mahaifiyarsa take saye, shi ya sa ta ɓoye sunanta har ranar sa hannu. Tsohuwar, Doña Tránsito, ta rungume gindin gwaiba ƙam.

"A yi mana haƙuri, ranki ya daɗe," in ji shi. "Nan aka binne cibiyata. Mama ta ce sai an sare, ba ta bar wa baƙi, amma ta kasa sakinta."

Baƙi! Na rantse makullan nan sun fi buhun siminti nauyi a hannunta.

"Kar ka sare." Ta zare makulli ɗaya, ta miƙa masa. "Ka riƙa zuwa ban ruwa."

"A Quibdó? Garin da ruwan sama ba ya hutun Lahadi?" Ya dubi makullin, bai karɓa ba. "Gaya min gaskiya, Yuli. Na mai lambu ne, ko na mai gida?"

Ta sunkuyar da kai. "Zoben da na mayar maka... ka sayar?"

Tsohuwa ta saki bishiyar, ta miƙe kamar 'yar shekara ashirin.

"Yana cikin kwalin tukwane. Kai direba, sauke min kwalin nan!"