Koren Kofin Habu

Ƙanena Habu ba ya magana, ba ya son a taɓa shi. Kunun gyaɗa kaɗai yake sha, a koren kofinsa, daga hannun Inna. Yanzu likitoci suna kiran abin galahanga, amma lokacin a Gwagwalada taurin kai ake cewa.

Ranar da zazzaɓi ya kama shi, Inna ta zauna gabansa tun azahar da ƙwayar magani a tafin hannu tana lallashi. Har ya fara shinshinar ƙwayar, sai ga Gwaggo, yayar Baba.

"Yaro kike roƙo? Miƙo kofin nan, ɗura ake yi."

Inna ba ta iya yi mata musu, ta miƙa. Gwaggo ta daka ƙwayar ta zuba a kunun, ta matse Habu tsakanin cinyoyinta, ta toshe masa hanci.

"Kin gani? Ya wuce."

"Saura kaɗan fa ya karɓa da kansa, Yaya," in ji Inna a hankali.

Zazzaɓin ya sauka. Amma Habu bai sake karɓar komai daga hannun Inna ba har ta rasu. Na haifi nawa yanzu, kuma har yau ba na sayen koren kofi.