Lallen Mai Takaba

Ka ce ƙananan abubuwa ba sa kashe shiri. To, gyara zama ka ji. An yi wani darakta da ya shirya wasan binciken kisa mai dogon zango, gidan talabijin kuma ya yi masa sharaɗi: in ƙarshen ya karɓu a wurin jama'a a ba shi zango na biyu, in bai karɓu ba a sallame shi. Labarin wani ɗan kasuwa ne da aka tsinci gawarsa a shago, kuma a rubuce abokin cinikinsa ne ya kashe shi. Ana tsakiyar ɗauka sai jarumar da ke fitowa a matar mamacin ta tafi bikin ƙanwarta, ta dawo hannu ya sha lalle, ja da baƙi. Darakta ya gani sarai. Ya ce ai kuka za ta yi, wa zai bar hawaye ya tsaya kallon yatsu? Aka ɗauka a haka. Sai ga mace a zaman makoki, jiya hannunta ba komai, yau tana share hawaye da yatsun amarya.

Abin da har yau yake ɗaure mini kai, ba wanda ya ce kuskure ne. Kowa ya ɗauka da gangan aka yi. Mata a wajen kitso, maza a majalisa, duk suka zama 'yan sanda: mai takaba da sabon lalle? Ai ita ce. Wata ma cewa ta yi, "Ni tun ranar na san kukan nan na munafunci ne." Alamun da marubuci ya sha wahalar dasawa a kan abokin cinikin, ko waiwayarsu ba a yi ba. Mako-mako ana jiran ranar da za a sa wa matar mamacin ankwa. Da ƙarshe ya zo aka kama abokin cinikin, ita kuwa sufeton da ke binciken har ta'aziyya ya yi mata. Gari ya ɗauka, wai an raina wa mutane hankali, an rufa wa mai laifi asiri. Darakta ya shiga rediyo yana rantsuwa lallen biki ne, sai aka haɗa masa da dariya. Zango na biyu wani aka ba wa. Na tausaya wa daraktan farko ƙwarai, don mutumin ya iya aiki. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.