Duk Ɗaya Ne

Safe da yamma Injiniya yake wanke wa yayansa dungulmin ƙafar dama. Ya kwance bandejin, ya goge, ya shafa magani, ya sake naɗewa. Yayan yana kallon silin, shi yana kallon bandeji.

Mai karatu, sunan Injiniya a gida aka laƙaba masa tun ranar da ya dawo da kwalin makaranta. Yaya mai walda ne, da wutar waldar nan ya karantar da shi, har ya rataye kwalin a bangon shagonsa kusa da agogo. Abin da Yaya bai sani ba, kowace jarrabawa sayen amsarta Injiniya yake yi. A darasin lissafi ana batun sayin da kosayin na awon kusurwa, shi sayin da ya iya shi ne sayen amsa.

Abu ɗaya ya maƙale masa daga ajin. Malami ya ce idan kusurwa biyu suka haɗu suka cika casa'in, kamar talatin da sittin, sayin na wannan shi ne kosayin na waccan. Sai ya fahimce shi a baibai, wai sayin da kosayin duk ɗaya ne.

Ran nan aka kawo wa Yaya katafaren janareta. Sarƙa biyu za a maƙala masa, su haɗu a ƙugiya ɗaya a ɗaga. Direban da ya kawo shi ya ce karkatar kowace sarƙa kada ta wuce digiri talatin, ya tada mota ya tafi. Daga tsaye yake nufi. Injiniya ya auna talatin ɗinsa daga kwance, wanda daga tsaye sittin ke nan.

"Ƙanena, ba ka ga sarƙoƙin nan sun buɗe da yawa ba?" in ji Yaya. "Talatin ɗin daga sama ne ko daga ƙasa?"

Ma'aikatan shago sun zuba ido. Injiniya bai sani ba, kuma mai kwali a bango ai ba ya cewa bai sani ba. Ya danna kalkuleta don a gani.

"Duk ɗaya ne, Yaya. Ku ɗaga."

Da an auna daidai, kowace sarƙa ɗan abin da ya haura rabin nauyin za ta ɗauka. A yadda ya ɗaura su, kowace ɗaya nauyin janaretan gaba ɗaya take ja. Yaya ya matsa ya riƙe gefe don kada ya yi lilo, domin ya yarda da ƙanensa. Sarƙar hagu ta tsinke.

An rufe shagon. Matar Yaya ta ɗauko kwalin ta ajiye a bayan sif. Har yau ba wanda ya zagi Injiniya, shi ma bai yi kuka ba. Abinci ma ci kawai yake yi, ba ya jin ɗanɗanonsa.

Jiya da ya gama naɗin, ya tsaya a bakin taga.

"Yaya, in buɗe ko in bar ta a rufe?"

Yaya bai juyo ba. Ya ce, "Duk ɗaya ne."

Jama'a, ana sayen amsa, amma ba a sayen sani. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, domin wanda ya fi yarda da shi ne zai tsaya a ƙarƙashin kayan.