Wadda Aka Bari a Bakin Murhu

Malama, kin ce a bar yaran su raba aikin bikin a tsakaninsu, wai ai ƙawayen juna ne, ba wadda za ta cuci wata. Ajiye allin nan ki zauna in ba ki wani misali. Ni dai duk sanda na tuna shi sai raina ya ɓaci.

A wata makarantar kwana ta 'yan mata an yi wata yarinya 'yar manomi da ƙawayenta uku. Kwanonsu ɗaya, bokitin wankinsu ɗaya, da bikin yaye ɗalibai ya matso kuma suka yi anko, atamfa iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya. Ita abu guda take jira a ranar: an gaya mata ita ta zo ta ɗaya a lissafi, kuma mahaifinta, dattijo mai raunin gani wanda bai taɓa taka makarantar ba, zai bar shuka ya biyo motar kasuwa don ya ga an kira 'yarsa a gaban jama'a. Da aka nemi masu taimakawa wajen abincin baƙi, su huɗun suka ɗaga hannu tare. Malamar da ke kula da girki ta ce su je su raba aikin da kansu. Nan ukun suka shiga zuba mata zaƙin baki: ai ita ce ta iya wutar itace, su hayaƙi tari yake sa su, ta riƙe murhu su kuma su kai wa manyan baƙi abinci, da sun gama zagayen farko za su zo su karɓe ta ta je ta shirya. Ta yarda, don ba ta iya musu ba. Ta bar ankonta a ninke cikin akwati, ta ɗaura tsohon zane, ta zagaya bayan ɗakin taro.

Tun da hantsi take fama da ɗanyen itace. Ta hura, ta fifita, ta juya dafa-duka a tukwanen da suka fi ta faɗi, idanunta sun yi ja, hawaye da majina suna zuba. Ƙawayen nata fa? Sun sha kwalliya, sun ci ɗauri, suna ta yauƙi da tire a cikin rumfa, manyan baƙi suna sa musu albarka suna cewa abinci ya yi daɗi, su kuma suna rusunawa suna amsa godiya kamar su suka dafa. Zagayen farko ya wuce, na biyu ya wuce, ko leƙe babu wadda ta yi. Sai in tire ya ƙare su aiko 'yan ƙananan aji a cika musu.

Tana kan tukunyar ƙarshe ta ji lasifika ta kira sunanta. Ta yar da ludayi ta ruga. A bakin rumfa ɗalibai masu tsaron hanya suka tare ta, suka ce ba a shiga gaban manyan baƙi da wannan zanen da baƙin tukunya a goshi. Tana tsaye a nan tana roƙonsu ta ga babbar ƙawar tata ta ajiye tire, ta gyara mayafi, ta taka a natse ta je ta rusuna ta karɓi kyautar, mai hoto ya ɗauka. Can a layin baya dattijon ya miƙe tsaye. An faɗi sunan 'yarsa, ga yarinya cikin atamfar da shi ya sayo da hannunsa, me zai sa ya yi shakka? Ya dinga tafi yana taɓa na kusa da shi yana ce musu, “Tawa ce, tawa ce.”

Kafin ta koma bakin murhu shinkafa ta kama, ƙauri ya game ko'ina har cikin rumfa. Malamar girki ta iso a fusace, ba ta tambayi inda sauran ukun suke ba, ba ta tambayi wa ya wuni a kan wutar ba, ta tsinka mata mari, ta ce ba inda za ta sai ta kankare ƙanzon tas. A haka mahaifin ya same ta bayan an watse, da tambaya da tambaya, ta zura rabin jikinta cikin tukunya tana kankara. Ya matso kusa sosai, ya dubi zanen da ke jikinta, ya dubi shatin yatsu a kumatunta. Ya cire hularsa ya zauna a kan dutsen murhu har ta gama.

Ƙawar ta kawo mata kyautar da yamma, har da cewa ai taimakonta ta yi, da an mayar da abin ofis. Kin ji rashin kunya. Hoton kuwa aka wanke shi babba, aka sa masa gilashi, aka rataya a ofishin shugabar makaranta, an rubuta sunan 'yar manomin a ƙarƙashin fuskar wata.

Don haka, Malama, ki tashi ki raba aikin nan da bakinki, ki san wa ke gaban baƙi, wa ke bayan ɗaki, ki kuma taka ki je bayan ɗakin ki gani da idonki. In ba haka ba, a gabanki za a maimaita abin da Hausawa suka daɗe da faɗa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.