Kantar Kicin Ɗin Yaya Hindu

A bakin Inna na fara jin sunan Hayatu, kafintan da zai gyara kicin ɗin Yaya Hindu kafin jere. Kicin ne dogo, siriri kamar lungu. Yau teburin cin abincin da ya shigo da shi ya tare ƙofa, na rasa hanyar fita.

"Sadiyatu, mi Baba yac ce kan maganar aurenmu?" in ji Hayatu.

Na kasa gaya masa Baba ya rantse ba zai ba jikan mahauta irinsa 'yarsa ba. Na juya ga bangon da ya kafa kanta, na ce:

"Kantar nan ta yi ƙasa. Yaya doguwa ce."

"Na sani."

Sai na tuna roƙonsa na ranar farko: "Don Allah tsaya jikin bangon nan, in auna da tsayinki."