Ƙorafin Guduma

Sau uku Guduma ya bi jerin sunayen da yatsa, daga sama har ƙasa, bai ga 'Yan Rumfa ba.

An manna takardar ne a allon sanarwa na hukumar da ke raba tallafi ga ƙananan ƙungiyoyi. Kowace unguwa ƙungiya ɗaya aka ɗauka. A gaban sunan unguwarsu kuwa, ga abin da aka rubuta ɓaro-ɓaro: Gidauniyar Bunƙasa Sana'o'in Hannu da Cigaban Matasa.

"Su waye kuma waɗannan?" ya tambayi maigadi. Maigadi ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Guduma kafinta ne, shugaban kafintoci ashirin da uku da ke aiki a ƙarƙashin rumfa ɗaya a bayan kasuwa. Kowa a unguwa 'Yan Rumfa yake ce musu. Ya gaji shugabancin ne daga marigayi ubangidansa, wanda ya kafa ƙungiyar tun Guduma bai iya riƙe zarto ba. Laƙabinsa kuwa ba don sana'a aka ba shi ba, don hali ne: sai ya buga sannan ya duba abin da ya buga.

Damuwarsu ɗaya ce, rufi. Kwanon rumfar ya ci tsatsa ya zama rariya. Daminar bara ta lalata musu katako da gadaje biyu da aka riga aka shafa wa fenti. Mutum takwas sun faɗa masa ido da ido cewa in ruwa ya sake sauka a kansu haka, za su kwashe kayan aikinsu su kama gabansu. Shi ya sa da aka buɗe neman tallafi, ya ɗauko ambulan ɗin takardun ƙungiya da marigayi ya naɗe a leda, ya miƙa wa 'yarsa, don shi da takarda ba sa ga-maciji. Ta cika komai a wayarta, ta koma makarantar koyon jinya, ta ce kada a neme ta sai ta gama jarrabawa.

Yanzu ga shi wasu 'yan dogon suna sun yi musu ƙafa!

Shekara arba'in yana unguwar nan. Ya san masu walda, ya san teloli, ya san matan da ke haɗa sabulu. Gidauniya dai bai taɓa jin ko tarinta ba. Ai ba sai an faɗa ba, irin ƙungiyoyin nan ne na cikin jaka, waɗanda ba su da kowa sai hatimi da mai hatimi. Ransa ya ɓaci.

Daga ofishin bai zame ko'ina ba sai wurin mai buga takardu a bakin kasuwa. Ya tsaya a kansa yana faɗa, shi yana bugawa. Takardar ƙorafi ga hukuma, shafi biyu cur. 'Yan Rumfa suka sa hannu kaf, waɗanda ba sa rubutu suka dangwala. Bai tsaya nan ba, ya bi shaguna ya tattaro mutum sittin da suka shaida cewa ba su san wata Gidauniya a unguwar ba. Kuma gaskiyarsu suka faɗa.

Bayan mako guda hukuma ta turo jami'in bincike, wani siriri mai tabarau. Guduma ya ajiye aikinsa ya zame masa ɗan jagora, layi-layi, ƙofa-ƙofa. Adireshin da ke hannun jami'in akwatin gidan waya ne da aka daɗe da rufewa. Ya kira lambar da aka bayar har sau huɗu, a kashe.

"Ka gani ko, ranka ya daɗe?" in ji Guduma. "Faɗa mini sunan shugabansu kawai, ni zan kamo maka shi."

"Doka ba ta ba mu damar bayyana sunayen mutane ba," in ji jami'in.

A rumfar suka huta. Aka kawo wa jami'in ruwa, ya sha yana kallon ɗigon rana da ke ratsowa ta kwano ya zuba a kan benci. Ya girgiza kai ya ce wallahi irinsu ne suka cancanci tallafi. Guduma ya ji daɗin maganar nan ba kaɗan ba, ya raka shi har bakin titi.

Aka soke tallafin Gidauniya. Bisa ƙa'ida, kason ya koma unguwar da ke maƙwabtaka da su, sai kuma baɗi in da rabo. Guduma ya ce ba komai, mu ba mu samu ba, amma ɓarayi ma ba su ci ba. Duk wanda ya kawo gyaran kujera sai ya sha labarin yadda ya tona musu asiri.

Ranar da ruwan farko ya sauka, yana cikin jera bokitai a ƙarƙashin yoyo, teburan mutum biyar sun riga sun zama wayam, sai ga 'yarsa ta shigo da jakarta a jiƙe, idonta jawur.

"Baba, sai jiya na kunna waya na ga saƙonni. Mun samu fa! Mun samu, wani marar tsoron Allah ya kai ƙorafi aka soke. Allah ya isa tsakaninmu da duk wanda ya sa hannu a takardar nan!"

Sauran kafintocin suka dakata da aiki.

"Ke, nutsu," in ji Guduma. "Mu ba mu fito ba. Wata Gidauniyar ƙarya ce ta fito."

Ta dube shi, ta share ruwan da ke fuskarta.

"Baba, ai da wannan sunan marigayi ya yi muku rajista."