Motar Baɗi

Tun da aka fara lodin motocin baɗi a tashar Funtuwa, masu kai mutum shekara mai zuwa su dawo da shi, Malama Tasalla ba ta taɓa shiga ba sai ranar. Ita ke rubuta wasan kwaikwayon rediyon da duk garin ke bi, ƙarshensa kuwa ya gagare ta. Ta ce bari ta je ta ji shi da kunnenta, ta dawo ta rubuta.

"Baɗi! Baɗi! Saura mutum ɗaya!" in ji kamasho. "Hajiya, da la'asar za a juyo, kada ki makara."

Kafin ta gama gyara mayafi har sun iso baɗi. Ta yi ta waige-waige tana dariya kamar yarinya. A shagon wani tela ta tarar da jama'a sun kewaye rediyo, ana kashin ƙarshe na wasan nata. Ta kutsa ciki. Abin da ta ji ya fi duk abin da ta taɓa ƙagawa, har ta tafa.

"Kai, wannan marubuciya ta iya!" ta ce, tana ɓoye murmushi.

"Allah Ya jiƙanta," in ji telan. "Ai ba ta kai nan ba, Hajiya. 'Yarta Hajjo ce ta ƙarasa."

Tasalla ta dafa teburin ɗinki. Hajjo, da ko gaisuwa sai an ja ta daga bakinta?

Da gudu ta koma tasha.

"Direba, don Allah mu tafi! Akwai wadda nake so in yi hira da ita."